Safiyar da Muka Makara a Umdurman

Baba ya yi shekara uku yana shirin zuwa Khartum, kuma ba abin da ya tsare shi sai kuɗin bas. Ba wai babu ba ne. Ƙannena biyu da ke tuƙa tarakta a manyan gonakin Damazin sun sha cewa za su biya, ni ma da nake koyarwa a makarantar 'yan mata ta ƙauyenmu na ce ya bar mini. Shi dai a ganinsa, mutum ya miƙa kuɗi don kawai a zaunar da shi a kujera a hura masa sanyi almubazzaranci ne tsagwaro.

"Kakanninmu da ƙafa sunka taho daga Sakkwato," in ji shi, "ba su biya kowa ba."

Na ce masa su ma da sun ga bas da sun hau. Bai yi dariya ba.

Tafiyar kuwa ba ta yawon buɗe ido ba ce. Gafara zai je nema wurin yayansa, Baffa, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Baffa ya bar ƙauye tun yana saurayi, ya zauna a Umdurman yana ɗinkin jallabiya, ya bar wa Baba hawasha, wato gonar noman rani da ke bakin magudanar ruwa, ya bar masa kuma tsohuwarsu. Kakata ta daɗe tana jinya. Ranar da ta rasu aka aika wa Baffa, ya taso, amma kafin ya iso an riga an rufe ta, don a zafin Jazira, yankin da ƙauyenmu yake, ba a ajiye gawa. Ya tsaya a gaban masu zaman makoki ya tambaya me ya hana a jira shi ko da sa'a ɗaya. Baba ya ɗago ya ce masa uwa ta wanda ya yi jinyarta ce, shi kuwa Baffa baƙo ne a nan. Ina tsaye da farantin shayi, ban fi shekara goma sha biyu ba. Baffa ya sa takalminsa ya fita, ko ruwa bai sha ba. Magana zarar bunu ce. Daga ranar ba su sake haɗuwa ba, har ni da ke riƙe da farantin na fara furfura.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba wata biyu, sai ya fara maganar tafiya. Ya ce ba ya son ya shiga kabari da wannan kalma a wuyansa. Amma ya kafa sharaɗi, kuma ni ya kafa wa, don ni ce babba, ni ce zan raka shi.

"Kar ki buga musu waya. Gafara ba ta bin waya, zumunta a ƙafa take. In sunka ji ina tahowa, rago za su yanka su tarbe ni kamar baƙo, ni ko mai laifi ne. In kika buga, na fasa."

Na san Baba. In ya ce ya fasa, ko a bakin ƙofar Baffa muke zai juya.

Dama ta samu bayan an cire albasa. Maƙwabcinmu zai loda babbar mota zuwa kasuwar Khartum, ya ce akwai wurin mutum biyu kusa da direba, kyauta. Baba ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya sa aka soya gyaɗa, aka ƙulle dabino da busasshiyar kisra, gurasar dawa marar kauri, aka cika jarka da ruwan gida, don ya ji labarin a birni ruwan sha ma sayensa ake yi. Na kawo maganar lokanda, wato gidan kwanan baƙi, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce Bahaushe da ke da 'yan'uwa a gari ba ya biyan kuɗin barci. Akwai mutumin ƙauyenmu mai sayar da agashe, irin tsirenmu, a kudancin Khartum, a gidansa za mu sauka.

Ana gobe za mu tafi na saɓa masa. Na koma bayan ajin da nake koyarwa na kira 'yar Baffa, wadda na karɓi lambarta a wani biki a Madani. Ina tsoron mu sha wannan doguwar hanya mu tarar sun tashi daga gidan, ko mu tarar da abin da ya fi haka. Ta amsa da Larabci, don Hausarta ta kusa ƙarewa. Da ta ji ni ce, sai ta ce Baffa yana raye, yana cin abinci, amma hankalinsa ya fara tafiya. Wata safiyar yakan tashi garau, ya gane kowa, ya yi hira. Da rana ta ɗaga sai ya ɓace, ya koma kamar baƙo a gidansa.

"In za ku zo, ku zo da wuri, bayan shayin safe," ta ce. "Kar ku bari rana ta yi."

Na kashe wayar na tsaya riƙe da ita. In na faɗa wa Baba, ya fasa tafiya. In ban faɗa ba, ba ni da hujjar da zan sa shi sauri. Na zaɓi shiru, na ce a raina ai tashin asuba ba baƙon abu ba ne wurin manomi.

Araha ba ta ado. Motar albasar nan ta bar ƙauye bayan sallar asuba, amma tafiyarta ta kunkuru ce. Ta tsaya a Madani aka ƙara buhuna, ta tsaya a Hasahisa direba ya ci wake ya yi hira da duk wanda ya sani, kuma ya san kowa. Manyan bas masu labule suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya, ina bin su da ido. Warin albasa ya shiga mayafina, ya shiga gyaɗar, ya shiga har ruwan jarka. Ƙafar Baba ta kumbura saboda matsi, na ga yana cije leɓe duk lokacin da muka faɗa rami, amma da na tambaye shi sai ya ce lafiya lau, wannan ai sarauta ce. Sai gab da magariba muka shiga Khartum.

Mai agashe da matarsa sun karɓe mu hannu bibbiyu, Allah ya saka musu. Da Baba ya faɗi unguwar da za mu, mai gidan ya kama haɓa. Ya ce wannan can ƙarshen Umdurman ne, sai an haye kogi, sai an canza mota biyu. Ya ba da shawara mu ɗauki ƙaramar motar haya ta kai mu har ƙofa. Na yi caraf na ce haka za a yi, ni zan biya.

"Gudun mi muke yi?" in ji Baba. "Wanda ya yi shekaru bai tai ba, sa'a guda za ta dame shi? Motar da talakawa ka shiga ita za mu shiga."

Da asuba na riga kowa shiri. Baba kuwa sai da ya gama lazimi, ya sha shayi kofi biyu, ya naɗa rawani ya warware ya sake naɗawa. Ya tsaya ya gaisa da maƙwabtan mai agashe ɗaya ɗaya, har da tambayar wani tsoho ko kakansa daga Katsina ya fito. Ina tsaye a bakin ƙofa da jaka, kamar in yi tsuntsuwa in ɗauke shi.

Hafila ta farko, wato ƙaramar bas, ta zo cike da ma'aikata. Mutane suna gudu suna kama ƙofa tun ba ta tsaya ba, mu kuwa da ƙafar Baba sai kallo. Ta biyu ma haka. A ta uku ne wata mata ta daka wa samari tsawa, aka buɗa wa tsoho hanya. A tsakiyar birni muka sauka, muka taka har wata tashar, Baba yana dogara sanda yana tsayawa kallon dogayen gidaje. Na sake nuna masa motar haya, har na ce ƙafata ce ke ciwo.

"Ke da ƙuruciyarki? Ki ji tsoron Allah."

A kan gada motoci suka cunkushe, muka tsaya cik. Rana ta fara dukan gilashi. Baba ya leƙa ta taga ya ga inda koguna biyu suka haɗu, ya taɓa ni da murna ya ce in duba, wancan mai duhun ruwanmu ne, shi ne ya biyo ta Sinja da Sinnar, ya riga mu isowa. Na ce na gani. Ni agogon wayata nake kallo. Ban taɓa jin haushin mahaifina irin na wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa kamar haka ba.

Duk da haka da mun nufi gidan Baffa kai tsaye da wataƙila mun samu wani abu. Mun sauka a unguwar hantsi bai gama ɗagawa ba. Na riga na san kwatancen gidan tun a waya, na yi kamar tambaya na yi wurin mai shago, na ce ga layin can. Sai Baba ya tsaya.

"Ina masallacin Hausawa?"

"Baba, ga gidan can, mu fara shiga."

"Ƙane da ya yi ma yayansa laifi ba shi shiga gidansa shi kaɗai kamar ɓarawo. Sai da dattijo a gaba, wanda za shi buɗe magana. Haka anka yi tun kakanni. A makarantar taku ba a koya muku wanga ba?"

Na ce ni zan buɗe maganar. Ya ce mace, kuma ɗiya, ba ta shiga tsakanin iyayenta maza. Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, kalmar ta zo har kan harshena. Na dubi fuskarsa, na tuna ya ce zai fasa, na tuna kumburarriyar ƙafar nan da yini guda a kan albasa. Na haɗiye.

Liman ba ya masallaci, ya tafi suna a wani layi. Muka zauna a inuwar katanga muna jira. Baba ya kwance ƙullin gyaɗa yana ci hankali kwance, yana maimaita abin da zai faɗa wa Baffa a ƙasa-ƙasa, kamar ɗalibin da za a yi wa jarrabawa. Da liman ya dawo, dattijo ne mai fara'a, ya ji abin da ya kawo mu ya yi ta sa albarka. Ya ce ya san Baffa, tsohon tela, amma ya kwana biyu bai gan shi a sahu ba. Sai kuma ya rantse ba za mu taka ko'ina ba sai mun karya kumallo a gidansa, don lokacin fatur, kalacinsu na hantsi, ya yi. Aka kawo wake da gurasa, aka kawo shayi. Loma ɗaya na iya haɗiyewa.

Ana shirin kiran azahar muka yi sallama a ƙofar Baffa.

'Yarsa ce ta buɗe. Ta dube ni, ta dubi rana, ta ba mu hanya. Baffa yana zaune a kan angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa, sanye da farar jallabiya mai guga da hula sabuwa. Ya rame, amma hancin nan da goshin nan na Baba ne sak. Baba ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya cire rawanin da ya ɓata lokaci yana naɗawa, ya durƙusa a ƙasa da wannan ƙafar tasa. Liman ya yi salati, ya yi bayani mai kyau a kan zumunci da haƙuri, ya ce ga ƙanenka ya taso tun daga Jazira ya kawo kansa.

"Yaya, ni ne," in ji Baba. "Na yi maka magana ranar da Inna ta rasu. Na taho ka yafe mini."

Baffa ya yi murmushi irin na mai karɓar baƙi.

"Marhaban, marhaban. Daga wane gari?"

Baba ya faɗi sunan ƙauyenmu. Fuskar Baffa ta washe.

"Ashe mutanen gida ne. To kun san ƙanena? Shina nan bakin ruwa, shi ka riƙon tsohuwarmu. Yaro ne mai zafin baki, amma akwai ƙoƙari."

"Ni ne shi, Yaya."

Baffa ya dube shi da kyau, ya yi 'yar dariya, ya juya wurin liman kamar yana neman shaida.

"Wanga dattijo da wasa yake. Kai ai tsoho ne, Alhaji. Ƙanena yaro ne. In kun koma ku ce ya gaishe da Inna."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baba ya zauna daɓas a ƙasa, rawanin a cinyarsa.

A kicin 'yar Baffa ta faɗa mini abin da har yau nake jin da ma ba ta faɗa ba. Ta ce da safen nan Baffa ya tashi garau, irin tashin da ya yi wata guda bai yi ba. Ta gaya masa ƙanensa yana hanya. Ya kira sunan Baba, ya ce a ɗauko masa farar jallabiya a goge, a fitar da gadon inda zai riƙa ganin ƙofa. Ya zauna yana kallon ƙofar, duk wanda ya wuce a layi sai ya ɗaga kai. Sau biyu yana tambaya ko sun ɓata hanya ne. Wajen ƙarfe goma ya tambaye ta wa ake jira.

Wajen ƙarfe goma muna zaune a inuwar katangar masallaci, layi biyu tsakaninmu da shi. Na jingina da bango na yi kuka ba sauti, ita ma tana yi, tana juya miya.

Kwana uku muka yi a gidan. Aka sa wa Baba gado kusa da na Baffa. Kowace safiya Baba ke riga kowa tashi, ya karɓi shayin da hannunsa ya kai masa, ya durƙusa ya sake faɗin maganarsa daga farko. Safiya ta farko Baffa ya ɗauke shi mai kawo ɗinki, ya ce ya dawo bayan salla. Ta biyu bai yi magana ba sam. Ta uku ya saurare shi har ƙarshe, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Allah shi yafe muna duka, Alhaji," irin yadda za ka faɗa wa wanda ya taka ka a kasuwa. Na ce wa Baba to ga shi ya faɗa. Ya girgiza kai ya ce ba shi aka faɗa wa ba.

Na roƙe shi mu ƙara kwana, 'yar Baffa ma ta roƙa. Ya ce baƙo raɓa ne, ga shi kuma zagayen ban ruwa ya kusa isowa hawasharmu, in aka wuce mu alkama ta ƙone. Motar albasa za ta koma rana ta huɗu. Da za mu fita Baffa ya ɗaga mana hannu ya ce mu sauka lafiya, mu riƙa leƙowa.

A hanyar komawa, da direba ya tsaya cin wakensa a Hasahisa, muka zauna a kan ƙananan kujerun wata mai shayi. A nan na faɗa masa duka: wayar da na buga, abin da aka gaya mini, farar jallabiyar, da ƙofar da aka zauna ana kallo. Na shirya wa faɗa, har ina fatan ya yi, ko na ji sauƙi. Ya daɗe yana juya cokali a kofin da sukarinsa ya riga ya narke.

"Da kin faɗa mini tun da safen," ya ce.

"Da ka juya gida, Baba."

Wata bas ta wuce, mai shayin ta kare garwashinta da murfin tukunya.

"Da na juya," ya ce.

Muka koma mota, muka kama hanya har muka wuce Madani. Yana kallon gonaki ta taga ya tambaye ni, ba tare da ya juyo ba, ko da gaske Baffa ya kira sunansa. Na ce haka 'yarsa ta ce. Ya tambaya ko shi da bakinsa ya ce a goge rigar. Na ce shi da bakinsa.

"To mutum shina sa farar riga ya jira wanda bai yafe ma ba?"

Na ce ina ganin ba ya yi. Ya ce ba ganina ya tambaya ba.

Baffa ya rasu da damina, bai sake samun safiya irin waccan ba. Baba yana nan, ƙafar ta hana shi zuwa gona, yawanci yana zaune a ƙofar gida. Ya tambayi limamin ƙauyenmu, ya tambayi wani malami da ya zo daga Rufa'a, duka sun ce masa niyyarsa ta isa, Allah mai gafara ne. Yakan gode musu, ya raka su da ido har su sha kwana. In na kawo masa shayi bayan na taso daga makaranta, sai ya matsa mini wuri a tabarma, ya rage murya kada yara su ji.

"Ke, sake faɗa mini. Da anka ce mai ina tahowa, mi ya ce?"